PCR ɗina ya ƙi fitar da layi a jel: jinin takardar tace ne, na cire DNA da Chelex

Ɗalibar Mastas ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masu aikin ɗakin gwaji. Ina digiri na biyu, aikina a kan sauyin K76T ne na ƙwayar gado mai suna pfcrt, wato alamar bijirewa kulorokwin a jikin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Samfurina jini ne da aka ɗiga a takardar tace ta Whatman 3MM, daga yaran da gwajin gaggawa na RDT ya nuna suna da maleriya. Na cire DNA da Chelex, wani sinadari mai ƙananan 'ya'ya kamar yashi. Kafin in taɓa pfcrt, ina so in tabbatar ƙwayar nau'in falciparum ce ta PCR, hanyar haɓaka guntun DNA zuwa kwafi masu yawa, mai zagaye biyu: firaimomi, wato gajerun guntayen DNA da ke nuna inda za a kwafa, su ne rPLU5 da rPLU6 a na farko, rFAL1 da rFAL2 a na biyu, kuma a jel ɗin da ke rarraba DNA bisa tsawo ya kamata layi ya fito a bp 205, wato guntu mai tsawon harufa 205.

Mako uku ke nan ina abu ɗaya. Tsanin bp 100, wato ma'aunin tsawon guntaye, yana fitowa sarai, amma ramukan samfurina fayau, sai dai wani ɗan hazo can ƙasan jel. NanoDrop, na'urar auna yawan DNA, kuma ya nuna akwai DNA. Abokan karatuna sun ce Taq, enzayim ɗin da ke kwafar DNA, shi ne ya mutu saboda yawan ɗauke wuta, in sayi sabo. Wasu sun ce in bar Chelex in sayi kit na cire DNA. Duka biyun daga aljihuna za su fito. Don Allah ta ina zan fara?

Mai Tsaron Benci ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki sayi komai tukuna. Duk wanda PCR ya ƙi masa, Taq yake fara ɗora wa laifi, alhali enzayim ne da aka samo daga ƙwayar da ke rayuwa cikin maɓuɓɓugar ruwan zafi, kuma a kowane zagaye yana jure digiri 94. Narkewar firiza ta kwana ɗaya ko biyu ba kasafai take kashe shi ba. A bayaninki ban ga kin ambaci kwantirol ko ɗaya ba, wato tiyub ɗin da aka san sakamakonsa tun da farko, kuma nan ne gizo ke saƙar. Idan babu kwantirol, jel mai fayau bai gaya miki komai ba.

Ki yi gwaji ɗaya mai tiyub biyar, daga haɗi guda. Na farko, DNA ɗin 3D7, wato falciparum da ake reno a ɗakin gwaji, ko wani samfuri da aka riga aka tabbatar yana aiki. Na biyu, ruwa zalla. Na uku, samfurinki yadda yake. Na huɗu, samfurin nan bayan kin sirka shi kashi ɗaya cikin goma da ruwa. Na biyar, samfurinki µl 2 tare da µl 1 na 3D7 a tiyub ɗaya. Idan na farko bai fito ba, matsalar tana cikin kayan haɗi ko tsarin injin, samfurinki ba shi da laifi. Idan na farko ya fito amma na biyar ya ɓace, to akwai abin da ke cikin samfurin da yake shaƙe PCR ɗin. Idan na biyar ya fito, na uku da na huɗu suka yi shiru, DNA ɗin ƙwayar ne babu ko ya yi kaɗan.

Ni dai na fi zargin shaƙewar, kuma abu biyu ne ke kawo ta a Chelex. Na ɗaya, 'ya'yan Chelex ɗin kansu. Aikinsu kama magniziyam ne, Taq kuma ba ya motsi sai da magniziyam. 'Yan ƙwayoyi kaɗan in suka biyo ruwan da kika ɗebo, sun isa su kashe aikin. Na biyu, sinadarin jan jini, wato him, wanda bai wanku daga takardar ba. Dubi ruwan DNA ɗinki a gaban farar takarda. In kin ga ya yi ja-ja ko ruwan shayi-shayi, wanki bai yi ba.

Ga yadda ake yi ya fito tsab. A huda takardar a fitar da ɗan da'ira mai faɗin milimita 3, guda ɗaya zuwa uku, kada a cika. A zuba ml 1 na saponin, sinadarin fasa jajayen ƙwayoyin jini, mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari a ruwan gishirin PBS, a bar shi ya kwana a firji, digiri 4. Saponin ɗin a haɗa sabo, kada a ɗauko wanda ya yi watanni a kan benci. Da safe a tsotse ruwan, a zuba ml 1 na PBS zalla, a mayar firji na minti 20 zuwa 30, a sake tsotsewa. In takardar ba ta yi fari-fari ba a ƙara wanki ɗaya. Sai a zuba µl 50 na Chelex mai kashi 20 cikin ɗari da µl 150 na ruwa. Lura, Chelex yana kwanciya a ƙasan kwalba cikin 'yan daƙiƙu, don haka a girgiza shi kafin kowace ɗiba, kuma a datse bakin kan fifet ɗin ya yi faɗi, in ba haka ba tiyub na farko ya sami ƙwayoyi, na ashirin ya sami ruwa kawai. A dafa a digiri 95 zuwa 99 na minti 10, ana girgizawa sau biyu ko uku a tsakani, a huda murfin da allura ko a sa masa maƙalli don kada ya buɗe. A juya a santirifuj da cikakken gudu na minti 2, a ɗebe ruwan sama zuwa sabon tiyub, a sake juyawa, a sake ɗebewa zuwa wani. Wannan juyi na biyu shi ne mutane suke tsallakewa. Gara ki bar µl 30 a ƙasa da ki kwaso ƙwaya ɗaya.

Batun NanoDrop kuwa, ki ajiye shi gefe. Mafi yawan DNA ɗin da ke cikin ɗigon jini na yaron ne, daga fararen ƙwayoyin jininsa, ba na maleriyar ba. Ga shi kuma ruwan Chelex ba tsarkakakke ba ne, na'urar tana karanta tarkace a matsayin DNA. Hazon da kike gani a ƙasan tsani, ƙasa da bp 100, firaimomi ne suka manne wa juna. Wannan ma wata 'yar alama ce cewa Taq ɗinki da ransa.

Malamin Farasitoloji ya amsa:

Abin da Malam ya faɗa a kan kwantirol haka yake, ba ni da ƙari. Amma kada a wanke firiza da sauri haka. Taq yana da juriya, dNTP kuwa, wato tubalan da ake gina DNA da su, ba shi da ita. Narkewa da daskarewa sau goma sha yana lalata shi, haka ma firaimar da aka sirka. Inda wuta ke zuwa tana tafiya, ranar da kaya suka iso ake raba su ƙanana-ƙanana, a riƙa ɗauko ɗaya ana ƙarar da shi. A sa su can ƙurya, a kewaye da robobin ƙanƙara, ba a jikin ƙofa ba. Firiza irin ta gida wadda ba ta tara ƙanƙara ita ce ta fi illa, domin da kanta take ɗumama cikinta lokaci-lokaci. Sannan MgCl2, idan ya daskare, ƙarfinsa yana rabuwa sama da ƙasa. A bari ya narke gaba ɗaya, a girgiza, kafin a ɗiba.

Ƙanwata, duba lissafin firaimarki. Takardar da ta zo da ita tana nuna adadin nanomol. Ki ninka shi sau goma, wannan ne µl na ruwa ko bafar TE da za ki zuba ya ba ki µM 100. Misali nanomol 25, µl 250. Daga nan ki sirka kashi ɗaya cikin goma ki sami µM 10 na aiki. Kuma ana juya tiyub ɗin a santirifuj kafin a buɗe shi karon farko, saboda busasshiyar firaimar tana iya maƙalewa a murfi ta tashi da iska.

Haɗin µl 25 in kina da mastamis, wato kayan PCR da aka riga aka haɗa, mai ƙarfi biyu: mastamis 12.5, firaimar gaba 1, ta baya 1, furotin BSA mai mg 10 a ml ɗaya ita ma 1, ruwa 7.5, DNA 2. BSA ɗin nan arha ce, kuma tana kama him ta hana shi damun Taq. A haɗa na duka tiyub a wuri ɗaya tare da rarar kashi goma cikin ɗari, sannan a raba. Ɗiban µl 0.2 ɗaya bayan ɗaya da fifet ɗin da ba a san ranar da aka saita shi ba caca ce. Kada kuma ki ce tunda layi bai fito ba bari in ƙara DNA zuwa µl 8. A samfurin Chelex, ƙara DNA ƙara guba ne.

Wannan tsari na Snounou, na 1993, ana manna firaima a digiri 58 ne, injin yana maimaita ɗumamawa da sanyayawa kamar sau 25 a zagaye na farko, 30 a na biyu, kuma µl 1 na abin da ya fito daga na farko ya isa na biyu. Ki buɗe tsarin da ke cikin injin da idonki ki karanta, domin injin da ɗalibai goma ke amfani da shi, wani yana iya canza zafin ya adana da sunan da kika sani. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki kuma babu inbata, ki ɗauka wannan zagayen ya tafi.

Inda na ɗan saba da Malam shi ne dogaro da Chelex kaɗai. Chelex yana aiki, an yi dubban samfura da shi a Afirka, amma DNA ɗinsa ba ya daɗewa a ajiye, musamman in ana narkewa ana daskarewa. In akwai niyyar aika samfuri a karanto jerin harufansa nan da wata shida, ki bar rabin kowane ɗigon jini a takarda, cikin leda mai zif da ƙunshin silika, kowane samfuri da ledarsa. Busasshen jini a takarda ya fi ruwan Chelex jure halin wutarmu. Abokin gabarsa danshi ne: takardar da aka kulle a leda ba ta gama bushewa ba a watan Agusta, fumfuna za ta ci ta. Sa'o'i uku zuwa huɗu a inuwa, ko ta kwana, ba a rana ba. Tambaya ta ƙarshe: daga yatsa aka ɗiga jinin kai tsaye ko daga kwalba? In daga kwalba ce mai koren murfi, hefarin ke ciki, kuma yana hana PCR. Mai murfi ruwan malmo, ta EDTA, ita ake so.

Ɗalibar Mastas ta dawo:

Allah ya saka da alheri, malamaina. Daga yatsa aka ɗiga. Na samo 3D7 a wani ɗakin gwaji na yi tiyub biyar ɗin. Na farko ya fito, na biyar ya ɓace, na huɗu da aka sirka ya ba da siririn layi. Na sake cire DNA da wanki biyu da juyi biyu, na sa BSA, yanzu layin 205 yana fitowa gwanin kyau. Sai dai wata sabuwa: tun shekaranjiya tiyub ɗin ruwa ma yana fitar da layi a daidai wurin. Bai kai na samfuran haske ba. Wani ya ce in yanke wannan ramin daga hoton in ci gaba, tunda dishi-dishi ne.

Mai Tsaron Benci ya amsa:

A'a, Malama, kul. Yanke hoton jel don ɓoye kwantirol maguɗi ne, kuma irin abin da ake janye takarda a kansa ne bayan an buga. Ban da haka ma, duk sakamakon ranakun nan biyu ba abin dogaro ba ne, domin ba ki san wane layi ne na yaro, wane ne na gurɓata ba. Ki rubuta a littafin benci cewa an soke su, da dalili.

Wannan ita ce cutar PCR mai zagaye biyu. Tiyub ɗin da ya gama zagaye yana ɗauke da biliyoyin kwafi na guntun da kike nema. Kina ɓalle murfi, feshin da ido ba ya gani ya hau safar hannu, ya shiga cikin fifet, ya sauka a kan benci. Da can ba ki gani ba saboda babu abin da yake haɓaka. Yanzu da aiki ya fara kyau, gurɓata ta samu iri.

Fara gano daga ina take. Sa ruwa a zagaye na farko ki wuce da shi na biyu, sannan sa wani sabon ruwan a zagaye na biyu kaɗai. Ƙara da takardar tace marar jini, ki huda ta da abin hudawar nan, ki bi da ita duk matakan Chelex. In takardar ce kaɗai ta fito, abin hudawa ne ke kwasar jini daga wani samfuri zuwa wani. Maganinsa, tsakanin kowane samfuri a tsoma shi a bilic, a ɗauraye da ruwa, a bushe, a huda farar takarda sau uku zuwa biyar. In ruwan da kika sa a zagaye na biyu ya fito, to kayan haɗin ne ko fifet. Zubar da ruwan da firaimar aikin da kike amfani da su, ki sirka sabuwa daga uwar mai µM 100.

Itanol ba ya lalata DNA, kashe ƙwayoyin cuta kawai yake yi. Otokilef ma ba ya gamawa da guntu mai bp 205. Bilic ne maganinsa: a sirka na kasuwa har ƙarfinsa ya zama kashi 0.5 zuwa 1 cikin ɗari, a duba jikin kwalbar don ƙarfinsu ya bambanta, a haɗa sabo kullum, a bar shi a kan benci minti 10, sannan a goge da ruwa don kada ya ci ƙarfe. Sai raba wuri. Inda ake haɗa mastamis daban, da fifet ɗinsa da rigarsa, kuma DNA ba ya shiga can. Inda ake zuba samfuri daban. Inda ake buɗe abin da ya fito daga inji da zuba jel, can nesa. Tafiya ta gaba ce kawai, wanda ya taɓa jel ba ya komawa teburin haɗi ranar. Ko ɗaki ɗaya gare ku, tebur biyu da fifet biyu sun fi babu. A sayi kawunan fifet masu matata, ko don ɗiban zagaye na farko zuwa na biyu kaɗai. A juya tiyub kafin a buɗe. A kashe fanka lokacin ɗiba, duk da zafin. Kuma 3D7 shi ake zubawa a ƙarshe, bayan an rufe sauran, a sirke, ba mai kauri ba.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Sannunku da aiki. Ni zan tsallaka gaba kaɗan, domin ramin da ke jiran Malama a pfcrt ya fi waɗannan wayo, shi ba ya nuna kansa.

Hanyar yankan da aka fi bi ta yaɗu ne bayan aikin Abdoulaye Djimdé da abokansa a Mali a 2001. Enzayim ɗin ApoI yana yanke kwafin da ke da K76, mai jin magani, ya bar mai T76 yadda yake. Ma'ana, duk abin da ya hana enzayim aiki zai sa ƙwaya mai jin magani ta yi kama da mai bijirewa. In ya yanke rabi ya bar rabi, sai ki rubuta cewa yaron yana ɗauke da iri biyu, alhali ba haka ba ne. Saboda haka kowane jel sai da 3D7, wanda dole ya yanku ƙaf, da Dd2, irin da ke bijirewa kulorokwin, wanda bai kamata ya yanku ba, da kuma ramin abin da ba a sa wa enzayim ba. In 3D7 ya bar saura a sama, jel ɗin gaba ɗaya ba a karanta shi. Karanta takardar enzayim ɗin da kyau: ApoI na asali a digiri 50 yake aiki, ApoI-HF kuma a 37. Kada a cika masa DNA, µl 5 zuwa 8 a haɗin µl 20 ya isa. Guntun da yake cirewa bai kai bp 50 ba, sau da yawa ba a ma ganinsa, don haka bambancin manyan layukan biyu ake dubawa, a jel mai kashi 3 cikin ɗari, a bar shi ya yi tafiya a hankali. Wani abu kuma, kusan kashi 80 cikin ɗari na harufan DNA ɗin falciparum A da T ne. In pfcrt ya ƙi haɓaka da miƙewa a digiri 72, a sauko zuwa 60 ko 65.

Sannan ki shirya wa tambayar da za a yi miki ranar kare aiki: Najeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko ta koma ACT, haɗin magani mai atemisinin, tun 2005, me ya sa ake auna K76T yanzu? Akwai amsa mai kyau. Malawi ta janye shi a 1993, kuma bayan wasu shekaru ƙwaya mai jin maganin ta dawo ta mamaye. Tambayar ko hakan na faruwa a inda har yanzu ake samun kulorokwin a kemis tambaya ce ta gaske. Ga kuma amodiyakwin da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 tare da maganin SP (salfadoksin-firimetamin) don rigakafi lokacin damina a Arewa da Nijar, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, kuma pfcrt da wata ƙwayar gado, pfmdr1, suna da hannu a yadda ƙwaya ke jinsa. In kuɗi ya ragu, ki kai wasu samfuran a karanto harufansu daga gurbi na 72 zuwa 76. Yanka yana ba ki gurbi ɗaya ne, karatu kuma zai nuna miki jerin gurabun biyar: CVMNK ne, mai jin magani, ko CVIET, mai bijirewa. In za a ƙara wani abu, ni da pfdhps, mai alaƙa da bijirewa SP, zan fara kafin kelch13, mai alaƙa da bijirewa atemisinin, saboda SP ɗin can, kuma sauyin I431V a samfuran Najeriya aka fara ganinsa. Sauye-sauyen kelch13 da ake magana a kansu, irin R561H, a Ruwanda da gabashin Afirka aka fi ba da rahotonsu.

Abu biyu na takarda. Ki tabbata izinin kwamitin ɗa'a da takardar yardar iyaye sun ambaci binciken DNA da ajiye samfuri, kuma in samfuri zai ƙetare iyaka sai da yarjejeniyar miƙa shi a rubuce tsakanin cibiyoyin biyu. In kuma kina son horo na 'yan makonni ko digiri na uku a wannan fanni, ki riƙa duba sanarwar cibiyoyin bincike irin ACENTDFB a Jami'ar Ahmadu Bello, WACCBIP a Jami'ar Gana da ke Legon, MRTC a Bamako, da CERMES a Yamai.

Malamin Farasitoloji ya ƙara:

Ƙari ɗaya a kan ƙidaya. Yaran da RDT ya nuna suna da maleriya amma PCR bai fito ba, kada ki jefar da su shiru. HRP2, furotin ɗin ƙwayar maleriya da RDT ke gani, yana iya zama cikin jini makonni bayan an sha magani, don haka wasunsu da gaske babu ƙwaya. Wasu kuma cirewar ce ba ta yi ba. Ki raba su ta hanyar haɓaka ƙwayar gadon beta-gulobin ta mutum da firaimomin GH20 da PC04, layin yana fitowa a bp 268. In ya fito, DNA ɗin lafiya lau, ƙwayar ce babu ko ta yi ƙaranci. In bai fito ba, ki koma kan rabin ɗigon da kika ajiye ki sake cirewa. A teburin sakamako ki nuna nawa aka tara, nawa PCR ya tabbatar, nawa aka iya karanta pfcrt ɗinsu, kuma masu iri biyu su sami layinsu daban. Idan kin yi gwajin ruwan nan biyu da farar takarda, ki turo hoton jel ɗin cikakke, har da ramuka da tsani, mu gani.